Yadda ake amfani da kwamfuta da intanet a ɗakin karatu na jama'a

Wata Laraba da hantsi na zauna gaban kwamfuta a wani ɗakin karatu nan Maradi zan aika takarda. Ina taɓa linzami allo ya farka, sai ga akwatin saƙon wata ɗaliba a buɗe: hoton katinta na ɗan ƙasa, takardar haihuwa, sakamakon Bak, lambar waya, duk a baje kamar shanya. Ta gama abinta ta tashi, a zatonta rufe tagar shafi shi ne kulle ƙofa. Na fitar da akwatin nata, na je na gaya wa mai kula da ɗakin. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, wanga ai kullum ne." Shi ya sa a bayanin nan zan fi daɗewa kan yadda ake tashi daga kujerar fiye da yadda ake zama. Amma bari mu bi abin daki-daki, tun daga gida.

Mataki na 1: shirya aikinka tun kana gida

Lokacin da za a ba ka ƙayyadadde ne. Wani wuri rabin awa, wani wuri awa guda, ya danganta da yawan na'urori da yawan masu jira. Wanda ya zo bai san abin da ya kawo shi ba, rabin lokacinsa a tunani zai tafi. Saboda haka ka rubuta a kaye abin da za ka yi: wasiƙar neman aiki ce, ka tsara ta da bik tukuna, bincike ne mushe ya ba ku a lakwal, ka rubuta tambayoyin, dosiyen neman tallafin karatu na ANAB ne, ka jera takardun da ake buƙata.

Ka riƙo katin shaidarka ko katin ɗakin karatun in kana da shi, da ƴan canji don buga takarda, da ekutar in akwai abin da za ka saurara. Wayarka ta kasance da caji, domin sau da yawa idan ka shiga Gmail ko Facebook daga baƙuwar na'ura sai sun turo lamba ta waya kafin su buɗe maka. Kalmar sirri kuwa a ka ake riƙe ta. Masu rubuta ta a bangon kaye su ajiye kayen kan tebur, sun rataye mabuɗi a jikin kwaɗo ne.

In ka tsaya cin ƙosai ko ƙuli-ƙuli a hanya, ka wanke hannu. Maiƙon gyaɗa da ƙurar hunturu idan suka haɗu a kan madannai, sai ka ga harafi ya manne ya ƙi tasowa.

Mataki na 2: ka yi sallama, ka rubuta suna, ka karanta abin da aka liƙa

Kada ka zarce kan kujera don ka gan ta babu kowa. Ka fara zuwa wurin mai kula da ɗakin, ku gaisa, ya rubuta sunanka da lokacin da ka shigo, ya nuna maka na'urar da za ka hau. Wasu na jin haushin rajistar nan, suna ganin kamar sa ido ne. Ni ina ganin kariya ce gare ka: in aka samu wata ɓarna a na'ura mai lamba 3 da ƙarfe 11, littafin ne zai shaida kai kana kan mai lamba 5. Don haka ma kada ka bai wa kowa aron katinka ko lokacinka, ko abokin wasanka ne. Abin da aka aikata da sunanka, kai za a tambaya.

Kusan ko'ina akwai takardar ƙa'idoji a liƙe a bango, galibi da Faransanci. Ka tsaya ka karanta, in ba ka gane ba ka ce, "Malam, don Allah a fassara mini." Abubuwa huɗu nake so ka tabbatar: minti nawa ake bayarwa, ko an yarda a sa kile USB, nawa ake buga shafi, da kuma ko an yarda da Facebook da WhatsApp. Kowane ɗaki da nasa tsarin. Abin da ka saba yi a sibar ta Sabon Gari, inda kuɗinka ke ci, ba lalle a yarda da shi a nan ba.

Ɗakin karatu na jama'a na kowa ne, kuma tun 1949 UNESCO ta fitar da sanarwa a kan haka. Ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke rubuta kundinsa, da yaron kwaleji, da manomin da ya taso daga Tibiri ko Madarunfa don a duba masa wani bayani, layinsu ɗaya. Ba a tsallake layi da girman riga.

Mataki na 3: duba na'urar kafin ka fara

Minti biyu sun isa. Ka duba allo, linzami da madannai lafiyarsu lau? In akwai abin da ya fashe ko ya ɓace, ka faɗa nan take, kada a ƙarshe a ce kai ne. Ka leƙa inda ake cusa kile, ko wani ya manta tasa. In ka tarar da akwatin wani a buɗe, kamar yadda ya faru da ni, kada ka karanta ko layi guda. Ka nemi inda aka rubuta Se déconnecter, wato fita daga akwati, ka danna, shi ke nan.

Sai batun madannai, wanda ke ci wa mutane lokaci ba su san dalili ba. Na ƙasarmu yawanci tsarin Faransa ne, wanda layin haruffansa na sama ya fara da AZERTY. Na'urorin da ke shigowa ta Katsina da Jibiya kuwa na Turancin Ingilishi ne, QWERTY. Tsakanin tsarin biyu, A da Q sun yi musanya, haka Z da W, kuma M ba wuri ɗaya take ba. A kan AZERTY, lambobin layin sama ba sa fitowa sai ka riƙe Maj, wato madannin Shift. Alamar @ kuma sai ka riƙe Alt Gr ka danna 0. Wani lokaci abin da aka zana a jikin madannan daban, abin da na'urar ke rubutawa daban. To ka ga mai shigar da kalmar sirri, da yake ɗigo-ɗigo kawai yake gani, sai ya yi ta kuskure har a rufe masa akwati. Dabara ita ce ka buɗe Word ko Bloc-notes ka rubuta "azumi 2025" ka ga abin da ya fito. In ya fito a karkace, a Windows danna Alt da Maj tare yana sauya harshen madannai, idan an sa harsunan biyu. In bai yi ba, ka kira mai ɗakin.

Mataki na 4: yi aikin da aka kawo na'urar dominsa

Bincike, karatu, rubuta wasiƙa da CV, aika saƙo, cike takardun makaranta ko na neman aiki, karanta labarai, koyon Word da Excel, duba farashin kaya, kallon darasin lissafi ko na noma: duk waɗannan halal ne, don su aka jawo intanet ɗin. Wanda Faransanci ke ba shi wahala, akwai Wikipedia ta Hausa da shafukan labarai na Hausa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne rezon ɗakin rijiya ɗaya ce, guga da yawa. Kai kaɗai in ka tsaya sauke fim, ko ka buɗe bidiyo uku a lokaci guda, na kusa da kai da ke ƙoƙarin tura dosiye kafin a rufe karɓa zai ga shafinsa na ta juyi ya ƙi buɗewa. Littafin PDF ƴan mega ne, fim guda kuwa ɗaruruwan mega, wani ma ya haura giga. In darasi ne kake kallo a YouTube, ka rage ingancin hoton zuwa 360p. Rubutun allo zai ɗan dushe amma za ka ji malamin sarai. Haka in an ba ka kalmar sirrin wifi don wayarka, kada ka mayar da ita damar sabunta duk manhajojin wayar, kuma kada ka fita ka raba wa ƴan fada na bakin titi.

Ka riƙa danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Mu da muka san bazarar Maradi, mun san wuta kan ɗauke ba sallama, kuma ba kowace na'ura ke da batirin da zai riƙe ta ba. Na taɓa ganin saurayi ya rubuta shafi shida, kuran ya tafi, ya zauna ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Kada kuma ka dogara da ajiya cikin na'urar: wasu ɗakunan sun sa manhajar da ke goge komai da zarar an sake kunnawa. Ka aika wa kanka aikin ta Gmail, wanda ke ɗaukar abin liƙawa har mega 25, ko ka ɗora a Google Drive, inda ake ba kowa giga 15 kyauta.

Sauti a kunne, waya a shiru, kira a waje. Ruwan leda da fura su tsaya bakin ƙofa.

Mataki na 5: san abin da ba a yi

Wasu abubuwan ƙa'idar ɗaki ce ta hana, wasu dokar ƙasa.

Na ɗaki: ba a sa sabuwar manhaja, ba a cire wadda ke ciki, ba a sauya hoton allo, ba a sa wa na'ura kalmar sirri, ba a zare waya daga bayan kwamfuta don a sa cajin salula. Wannan na ƙarshen ya fi yawa, kuma ya fi ban takaici, domin wani lokaci wayar da aka zare ta maƙwabci ce. In ɗakin ya toshe wani shafi, kada ka nemi hanyar zagaye da VPN. In kana ganin shafin na ilimi ne an toshe shi bisa kuskure, wanda yakan faru da shafukan kiwon lafiya, ka gaya wa mai kula. Hotunan batsa da cacar ƙwallo ba sai an yi dogon bayani ba: allon nan ba a ɗakinka yake ba, a bayanka akwai yaro ɗan shekara 12, a gefenka akwai ƴar wani.

Na ƙasa ya fi nauyi. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. Ta shafi shiga na'ura ko akwatin wani ba izini, damfara, hotunan batsa na yara, ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a Yunin 2024 hukumomi suka maido da shi. Ma'ana, saƙon da aka turo maka ka tura gaba ba ka tantance ba, kana iya amsa tambaya a kansa, kuma "ni ma turo mini aka yi" ba ta cika fitar da mutum ba. Wanda yake zaton don ya yi daga kwamfutar jama'a ba za a gane shi ba, ya manta da littafin da ya rubuta sunansa a bakin ƙofa.

Akwai kuma haƙƙin bayanan mutane, wanda hukumar HAPDP ke kula da shi. A aikace, abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kada ka ɗauki hoton allon wani, kada ka kwafi takardar da wani ya manta, kada ka tsaya bayan mutum kana karanta masa saƙo. Matasa masu taruwa su huɗu kan na'ura ɗaya, musamman in mace ce ke zaune kusa, su sani takura ce ko da ba su ce uffan ba.

Mataki na 6: kile USB

In an yarda da ita, ka miƙa a bincike ta da maganin birus kafin ka buɗe. Kile ta zama kamar ludayin gidan biki, ta shiga wannan kwano ta shiga wancan: sibar, biro, gidan hoto, na'urar aboki. Cutar da aka fi sani a nan ita ce mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, ka ga kowane da ƴar kibiya a gindinsa. In ka ga haka kada ka danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin na'ura. Kada kuma ka yi saurin goge kile ɗin gaba ɗaya: yawanci fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya san aikin zai fito da su. Idan ka gama, ka danna Éjecter kafin ka zare.

Ni dai ra'ayina, wanda ke da akwatin saƙo bai cika buƙatar kile a ɗakin karatu ba.

Mataki na 7: kalmar sirri da harkar kuɗi

Kafin ka shiga kowane akwati, ka buɗe taga ta sirri: a Chrome ka danna Ctrl, Maj da N tare, a Firefox Ctrl, Maj da P. Amfaninta, idan ka rufe ta ba ta barin tarihin shafukan da ka shiga, ba ta riƙe akwatinka a buɗe. Amma ka san iyakarta. Ba ta goge abin da ka sauke, kuma ba ta ɓoye ka daga masu kula da rezon ɗakin.

In na'ura ta tambaye ka ko ta adana kalmar sirri, amsar ita ce Jamais. In ka ga ɗan akwati an rubuta Rester connecté, ka tabbata ba a yi masa alama ba. Lokacin shigar da kalmar, ka ɗan waiga. Ba rashin yarda ba ne, ko a wurin aika kuɗi ai ana kare lamba da tafin hannu.

Harkar banki da lambar sirrin kuɗin waya, ka bar su a wayarka. Ba ka san wanda ya zauna kafin kai ba, ba ka san abin da ya bari a ciki ba, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai rubuta duk harafin da aka danna. Haka duk shafin da ya ce ka ci kyauta, ko an zaɓe ka tallafi, ko za a kai ka aiki ƙasar waje in ka tura jika goma na "buɗe dosiye", ka rufe shi. Ka dubi adireshin shafi da kyau, ƴan damfara kan sauya harafi ɗaya tak. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi yana nuna an killace hanyar saƙo ne kawai, ba shaidar cewa masu shafin mutanen kirki ba ne.

Idan dattijo ya ce, "Ɗana, zo ka cike mini wannan," ka taimaka, lada ne. Amma in an zo wurin kalmar sirri ka ce, "Baba, ga wuri, sa da hannunka," ka kau da kai. In bai iya ba, a kira mai kula da ɗakin ya zama shaida. Yara kuma a zaunar da su inda babba ke ganin allo, a hana su rubuta suna, unguwa ko lambar waya ga wanda ba su sani ba.

Mataki na 8: buga takarda

Ka duba Aperçu avant impression tukuna, ka ga shafi nawa ne, ka zaɓi waɗanda kake so. A ce shafi dala goma ne, ka danna ba ka duba ba, injin ya zubo shafi 40: jika biyu ke nan, kuma kai za ka biya. In injin bai amsa ba kada ka yi ta dannawa, kowace dannawa kwafi ce ke shiga layi. Ka kwashe takardunka nan take, har da waɗanda suka lalace, in akwai sunanka a jiki.

Mataki na 9: tashi

Ka fara shirin tashi saura minti biyar, ba sai an dafa kafaɗarka ba. Mai gaggawa shi ke barin ƙofa a buɗe. Ga yadda nake bi, kuma a jere nake bi don kada in tsallake wani.

Da farko in tabbatar aikina ya isa akwatina, in buɗe shi a waya in gani da idona. Sannan in fita daga kowane akwati ɗaya bayan ɗaya: a Gmail in danna hotona a kusurwar dama ta sama, in danna Se déconnecter, haka a Facebook. Alamar X ta rufe taga ba fita ba ce, a nan ɗalibar nan ta yi kuskure. In na haɗa WhatsApp da kwamfutar, wannan ya fi kowanne haɗari, domin yana iya zama a haɗe kwanaki, duk saƙon da ya shigo wayata yana bayyana a allon ɗakin karatu. Sai in cire shi daga kwamfutar, in kuma duba a waya ƙarƙashin Appareils connectés in ga babu saura.

Daga nan in shiga Téléchargements, da Documents, da kan allo, in goge duk abin da na sauke ko na ajiye. Nan ne hotunan katin ɗan ƙasa da takardun haihuwa ke taruwa, na mutane da yawa, wata da watanni. Gogewa kuma ba ta cika ba sai an zubar da Corbeille, wato kwandon sharar kwamfuta, in ba haka ba kamar ka share ɗaki ka tara sharar bayan ƙyaure ne. Nawa kaɗai nake gogewa. Na wasu in nuna wa mai ɗakin. In ban yi aiki da tagar sirri ba, in danna Ctrl, Maj da Suppr in share tarihin awar da na yi. In na yi sikanin takarda, in ɗaga murfin injin in ɗauki asalinta, don an fi manta ta a nan fiye da ko'ina. Sai kile, kaye, waya. In tambaya ko a kashe na'urar ko a bar ta, in mayar da kujera, in je a rubuta lokacin fitata.

Duk wannan ya shafi tashin sallah ma. An kira azahar, za ka fita alwala, kada ka ce ai minti goma ne. Ka adana aiki, ka fita daga akwatunanka, ka gaya wa mai kula ko za ka dawo. Ɗora hula kan kujera don kama wuri, alhali mutum uku na jira, ba tsari ba ne. Shi zai ce ko a riƙe maka ko a bai wa na gaba.

In kuma wuta ta ɗauke kana tsakar aiki, ko sai da ka hau kabu-kabu ka kai Ali Dan Sofo ka tuna ba ka fita ba, ba sai ka juyo ba. Ka ɗauki wayarka ka shiga asusunka na Google, ka je Sécurité, ka nemi jerin na'urorin da aka shiga da su, ka zaɓi kwamfutar ɗakin karatun ka danna Se déconnecter. Facebook ma yana da irin wannan jerin a sashen kalmar sirri da tsaro, WhatsApp kuma a Appareils connectés. Bayan haka ka sauya kalmar sirrin a ranar. Takardun da ka bari cikin na'urar kuwa, kamar na Téléchargements, ba a goge su daga nesa. Waɗannan sai ka kira mai kula da ɗakin, ko ka yi sammako gobe kafin wani ya riga ka zama.